Rundunar Mushe

A garin Buza, can gefen da gidaje ke jingine da tudun duwatsu, akwai wani gida mai zauren ƙasa wanda ba shi da abin da zai sa mai wucewa ya waiwaya. Amma wanda ya shiga zauren ya karya dama, kafin ya kai ga katangar da ta kare cikin gida, zai tarar da wani ɗan ɗaki, tsawonsa taki huɗu, faɗinsa uku. Tun shekarar 1991 ba a kwana cikin ɗakin nan ba, ba a aje hatsi ba, ba a kuma sauke baƙo ba. Abin da ke ciki shi ne tabur guda, kujera guda, da katakai biyar da aka kafa jikin bango. Bisa katakan kuwa mahaya dawaki ne da ƴan baka da masu raƙuma, jere sahu-sahu, sun fi ɗari uku, babu wanda ya ɗara babban yatsan hannu tsawo. Dukansu da yumɓu aka gina su, aka gasa, aka shafa musu launi ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗakin tsohon malamin lakwal ne. Ya daɗe da aje alli, amma har yau Mushe ake ce masa, waɗanda ya koyar ma sun yi furfura suna kiransa haka.

A damanar 2022 aka sa ranar auren autansa, wanda ya komo daga cirani a Abijan, aka ce in an kai amfanin gona gida za a kawo amarya. Gidan kuwa ya cika: ga ɗakin uwargida, ga na ƴaƴa biyu da matansu, ga na maigidan kansa inda jikoki maza ke kwana tare da shi. Kuɗin da yaron ya zo da su sadaki da kayan aure sun lashe, na sabon gini babu. Kowa a gidan ya san ɗakin da ya rage, kowa kuma ya kama bakinsa, don babu mai so a ce daga gare shi maganar ta fito.

Babu yaron Adar ko na Gobir da bai taɓa gina dokin laka a bakin tabki ba. Ruwa na sauka yara kan ɗebo laka su gina shanu masu tozo, su soka musu ƙaya a maimakon ƙaho, su shanya a rana, bayan kwana biyu sun tsattsage an manta da su. Mushe ma ya yi, ya kuma bari lokacin da kowa ke bari. Abin da ya maido shi a kwarin Keita ya same shi, inda aka tura shi koyarwa a 1985, ƙasa tana cikin yunwar da ta biyo farin 1984. Shekara guda ke nan da buɗe furojen Keita, wanda ƙasar Italiya ta zuba wa kuɗi, hukumar FAO ta riƙe aikinsa. Mata ne mafi yawan ma'aikata, da yake maza sun tafi neman abinci. Su ke ɗauko duwatsu a ka suna jerawa kan fako domin tare ruwa, ana biyansu da abinci. Cikin Turawan furojen akwai wani mai awon ƙasa da kan nemi Mushe ya yi masa tafinta wurin masu gari. Wata rana da dare Mushe ya kai masa saƙo masaukinsa, ya iske ƙaton mutumin nan mai gemu ya duƙufa ƙarƙashin fitila, ya riƙe wani ɗan abu kusa da hancinsa, yana ja masa layi kamar mai sa wa jariri kwalli. Soja ne na darma, tsawonsa bai fi milimita 25 ba, amma ga maɓallan rigarsa, ga igiyar bindigarsa, ga gashin bakinsa.

Baturen ya ce masa wannan ba wasan yara ba ne a ƙasashensu, ko da yake matarsa ba ta yarda da haka ba. Ya ba shi labarin yadda a 1824 wani hafsan ƙasar Furusiya mai suna Reisswitz ya nuna wa manyansa wasan yaƙi bisa taswira, suka karɓe shi suna horar da hafsoshi da shi. Da yadda marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafi a 1913 mai suna Little Wars, ya tsara wa manya ƙa'idojin jera sojojin darma a tsakar ɗaki suna gwabzawa. Tun daga nan abin ya zama sana'a mai kantuna da ƙungiyoyi. Ana sayen sojojin ba launi, kowa ya shafa wa nasa a gida, sa'an nan a haɗu a gwada dabara. Mushe kuwa ya rama masa da nasa labarun: Agabba ɗan Sarkin Agadas da ya ci Adar a 1674, faɗuwar Alƙalawa a 1808, da ƴan lifida waɗanda su da dawakinsu ke shiga yaƙi cikin rigar auduga mai kaurin da kibiya ba ta hudawa. Baturen ya saurara, ya ce shi dai a kantunan da ya sani ya ga sojojin Napoleon, ya ga na Rum, ya ga har Zulu, amma bai taɓa ganin barden Gobir ba. Ya ce: «To ku ina naku?» Mushe ya yi dariya ya ce suna bakin tabki. Da ya koma ƙauye dariyar ba ta bi shi ba, tambayar ce ta bi shi.

Da Baturen zai tafi gida a 1987 ya bar masa buroshi guda, lamba 1, cikin wani ɗan bututu. A nan ya kamata a tsaya, domin wanda bai taɓa riƙe irin wannan abu ba zai yi zaton buroshi buroshi ne, kamar na mai fentin ƙofa da aka ƙanƙanta. Ba haka ba ne. Gashinsa na jelar wata ƴar dabba ce ta ƙasar Sibiriya mai kama da tunku, wadda Turawa ke kira kolinski, irin gashin da kamfanin Winsor & Newton na Ingila ya yi suna da shi tun 1866. Kowane sili yana da ciki a tsakiya, ya sirance zuwa baki. In an ɗaure su tare sai buroshin ya yi tumbi mai riƙe ruwan launi, ya kuma yi tsini kamar allura. In ka danna shi ya buɗe, in ka ɗaga ya koma yadda yake, ba sai ka gyara ba. Masu koyo kan ɗauka cewa ƙaramin abu sai ƙaramin buroshi, su nemi lamba 000 mai sili kaɗan. Alhali kuwa shi ba ya ɗaukar ruwa, kafin hannu ya kai ga doki launin ya bushe a bakinsa, balle a ƙasar da iskar bazara ke busar da wanki kafin a gama shanya. Tsini ake nema, ba ƙanƙanta ba.

Baturen ya bar masa dokoki uku tare da kyautar. Kada launi ya haura ya kai ga ƙarfen da ya riƙe gashin, domin in ya bushe a can zai raba silin, tsinin ya tafi ke nan har abada. Kada a bar shi tsaye da ka cikin ruwa ko na ƙiftawar ido. In an gama a wanke shi da sabulu mai laushi, a murza bakin a tafin hannu ya koma tsini, a kwantar da shi. Mushe ya ƙara ta huɗu daga kansa: ya sa ganyen dogon yaro cikin bututun saboda asu, ya kuma yanke cewa ba zai taɓa shi ba sai aikin da babu wani buroshi da zai iya.

Ya so ya sayi na biyu. Ya tara kuɗi, ya yi magana da wani ɗan kasuwa mai zuwa Yamai, sai ga watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka, albashi kuma a shekarun nan ya zama baƙon da ba a san ranar zuwansa ba. Mai iyali ba ya sa buroshi da buhun hatsi bisa sikeli guda. Daga nan ya shiga ƙera nasa.

Ya fara da gashin akuya, ya ga yana shan ruwa amma ba shi da ƙashin baya, in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan. Jelar doki ta yi tauri, sai dai ta yi amfani wurin goga ƙura a kofato da gindin riga. Ya gwada na kyanwa, bayan ya bi ta gida-gida da almakashi har uwargida ta ce in mutane suka gani za su ce karatu ya taɓa shi. Gashin ya yi laushi ƙwarai, ya dace da shimfiɗa launi a faffaɗan wuri kamar lifidi. Daga mahauta ya samo gashin cikin kunnen sa, wanda ya zama buroshinsa na yau da kullum. Na layi kuwa sai jelar kurege, da yara masu farauta ke kawo masa. Abin da ya ɗauke shi shekara biyu kafin ya gane shi ne, ba a aske bakin gashi don a yi tsini. Almakashi na taɓa baki ya kashe shi. Daga gindi ake yanka, a zuba silin da bakinsu ƙasa cikin wani guntun bututun kara, a yi ta ƙwanƙwasawa bisa tabur har bakunan su daidaita da kansu, sa'an nan a zaro, a ɗaure da zare sau biyu, a ɗiga ƙaro a gindin. Mariƙinsa kuwa gindin gashin zabo ne da aka jiƙa a ruwan zafi ya yi laushi. A zura ɗaurin ta faffaɗan gefe, a jawo shi ta ƙaramin, in ya huce ya matse shi. A soka tsinken sabara ya zama ƙota. Cikin goma da zai ɗaura, uku ne kan ci jarrabawa: a jiƙa, a yarfa sau ɗaya, in baki ya haɗe an samu, in ya rabu biyu a kwance a sake. Gaskiya dai ko mafi kyawunsu bai kama ƙafar na Baturen ba, Mushe ma bai taɓa cewa ya kama ba. Amma da su aka yi wa runduna guda sutura.

Ɗakin ma sai da aka koye shi. Da aka maido shi Buza a 1991, wurin aje tarkace ne mai duhu. Ya huda taga a bangon arewa, domin a watannin sanyi, lokacin da ya fi aiki, rana ta kudu take bi, hasken arewa kuwa ba ya rawa, ba ya jefa inuwar hannu bisa abin da ake shafawa. Sai dai kuma ta wannan gefen hunturu ke busowa, watau haske mafi kyau da ƙura mafi muni ƙofa guda suke shigowa. Tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don karya iska, sun kuwa yi wa gonaki rana, amma babu layin da ya kai tagar Mushe. Maganin da ya samu shi ne gilashin wata matacciyar mota, ya liƙe shi a tagar da laka, ko kafar allura bai bari ba. A ƙofa ya rataya tabarmar kaba ta Madawa, bayanta kuma tsohon bargo. Ba a share ɗakin da safe, sai da yamma in an gama, domin tsintsiya tada ƙura take yi ta rataye a iska. Da safe yayyafi kawai ake yi wa ƙasa. Dokin da launinsa bai bushe ba a kife masa ƙwarya.

Taburin ya ɗora shi bisa duwatsu har ya kai masa ƙirji in yana zaune, don ya kafa guiwar hannu biyu, ya haɗa gindin tafukansa wuri guda. In hannu biyu suna jingine da juna, ko sun yi rawa tare suke yi. Ba ya riƙe doki da yatsa. Yakan manna shi da kakin zuma bisa bakin wata ƴar kwalba, ya riƙe kwalbar. Ruwa gwangwanin tumatir biyu ne, ɗaya na wanki, ɗaya na sirki, ba a haɗa su. Wurin dama launi kuwa tsohon farantin tasa ne da jiƙaƙƙen tsumma a ciki, da takarda mai santsi a bisa, danshi na tasowa daga ƙasa yana hana launin ƙafewa. Ƙafafun taburin da na katakan suna cikin gwangwanaye masu baƙin mai, saboda tururuwa da kyankyasai suna son ƙaro kamar yadda yaro ke son alewa. A shekarar farko sun lashe rigunan barade goma sha biyu cikin dare guda, da safe ya tarar da su tsirara.

Launukan daga ƙasar nan suka fito, kafin ya soma samun na kanti daga Maraɗi da Ƙonni. Farar ƙasa da ƙaro ita ce shimfiɗar farko, don gasasshen yumɓu mashayi ne, in ba a toshe masa baki ba sai ya shanye kome. Ja daga jar ƙasar tudu da karan dafin dukawa, baƙi daga tawadar allo, shuɗi daga shuni, rawaya daga saiwar rawaya. Kore ne ya fi ba shi wuya, sai an haɗa biyun ƙarshe, kuma ba ya fita iri guda sau biyu.

Yaƙin da ya fi ginawa shi ne na Gawakuke, na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama a fagen. Rabin rundunarsa na wannan rana ne: masu tuta da fararen rawuna a katako na sama, ƴan lifidan Gobir a na biyu, masu raƙuma da garkuwar warwaji a na uku. Ranar Lahadi yakan baza rairayi bisa tabarma a zaure, a yi tudu da kwari, a jera. Ya tsara ƙa'idojinsa: doki na tafiya taƙi biyu, mai ƙasa taƙi ɗaya, kibiya na kai taƙi uku, ɗan lifida ba ya faɗuwa sai an same shi sau biyu. Da farko da wuri yake yanke wanda ya ci karo, ana watsawa a ƙirga masu ido sama, sai maganar ta fita gari cewa Mushe ya buɗe caca a zaurensa. Ya aje wuri, ya koma jan tsinke daga cikin hannu. Wani maƙwabcinsa Bagobiri, tsohon direba, shekara ashirin yana zuwa, kullum gefen Gobir yake riƙewa, kuma duk ran da ya ci sai ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce da an bi shawararsa tun farko da ba a yi ƙaura zuwa Tsibiri ba.

Maganar sura ma ta taso, ba yadda za a yi ta ƙi tasowa. Limamin unguwa bai yi wa'azi da shi a masallaci ba; ya zo har ɗakin, ya daɗe yana duba katakan, sa'an nan ya ce: «Mushe, ka san abin da aka ce game da mai kwaikwayon halitta.» Mushe ya ce: «Allah gafarta Malam, na sani. Tarihi nake koya wa yara da su, ba na aje su don girmamawa.» Liman ya ce shi dai ba zai ce masa ya fasa ba, ba zai kuma ce masa babu kome ba, amma in da zai bar su ba cikakkiyar fuska da hankali ya fi kwanciya. Tun daga ranar babu ɗaya cikin mutanensa da ke da ido. Mahaya amawali ya rufe su, ko kwalkwali ya sauko musu. Ƴan ƙasa kuwa fuskarsu shafe take. Wani abin mamaki, masu wannan sana'a a Turai sun ce ido ne wuri mafi wuya, can ake gane gwani. Mushe ya mai da gwanintarsa wani wuri: tsagen Gobirawa, wanda ke tashi daga gefen baki ya bazu zuwa kunne. A kuncin da bai kai ƙwayar dawa ba layi uku kawai ke shiga, kuma wannan ne aikin da ake buɗe bututun Baturen dominsa.

Ba shi kaɗai ba ne a jahar Tawa ya ba ƙananan gumakan wasa ransa. Mustafa Alasan, mai shirya fim, wanda ya rasu a 2015, ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, da ƴan tsana ya yi Samba le Grand a 1977, ya kuma sa kwaɗi kokawa a fim ɗinsa Kokoa. Mushe ya gani a talabijin, ya yi ta cewa zai je ya gaishe shi, bai je ba har aka yi rasuwar. Yakan ce wancan ya sa nasa sun yi motsi duniya ta gani, shi nasa suna tsaye, unguwa ma ba duka ta sani ba.

Uwargida ce ta fasa ƙwan, da dare, bayan an kai gero rumbu. Ta ce: «Malam, yau saura kwana ashirin. Ƴar mutane za a kawo, ba a zaure za a aje ta ba.» Ya ce ya ji. Ta ce: «Ban ce ka zubar ba. Na ce masu rai su ma suna son inuwa.» Bai amsa ba. Da safe autan ya zo ya durƙusa bakin tabarmar ƙofa ya ce: «Baba, in an ɗaga bikin zuwa baɗi zan koma in nemo na gini.» Wannan ta fi ta uwar zafi, domin Mushe ya san abin da komawa ke nufi: yara nawa ya koyar da suka tafi da niyyar shekara guda, aka yi goma ba a gan su ba. Ya ce: «Tashi. Ba a ɗaga aure saboda laka.»

Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan yana ta rufe idonsa na hagu, na dama ma ya soma hazo, hannun kuma ko an jingina shi ba ya tsayawa kamar da. Ƴan baka tara na kan tabur tun bara, an gama musu kome sai tsage, ya buɗe bututun ya fi sau goma yana mayarwa. Watakila da ɗakin ya tsaya masa, da ya ci gaba da shiga yana rufe ƙofa, ana cewa Mushe na aiki.

Kwana uku aka yi ana kwasa. Ya sayo akwatunan ƙarfe biyu a kasuwa, aka zuba ƙaiƙayi, aka kwantar da mahaya sahu bisa sahu, ganyen dogon yaro a tsakani. Bai yarda kowa ya taɓa ba sai wata jikarsa ƴar shekara goma sha ɗaya, wadda tun tana rarrafe take laɓewa bayan bargon ƙofa, ita ce kuma mai wanke masa gwangwanaye. Duk da haka raƙuma biyu sun karye a wuya, tutar Sakkwato guda ta ɓalle. Da aka zo cire gilashin taga ya ce a bar wa amarya, ta samu haske. Aka yi wa ɗakin sabon yaɓe, aka shafe shi da farar ƙasa, har da sauran wadda yake shimfiɗa wa dawaki.

Yanzu a kusurwar zaure yake, ta gefen yamma, bayan wata tabarmar Madawa da aka rataya daga azara zuwa ƙasa. Wurin bai kai rabin na da ba. Haske daga ƙofar zaure yake zuwa, yana canzawa duk sa'ad da wani ya wuce, awaki na shiga, masu sallama na katse shi, ƙura kuwa ba a maganarta. Autan ya sayo masa fitila mai cin hasken rana, ya ɗaura ta a azara da waya. Katako ɗaya kawai ya samu wuri, don haka runduna na fitowa ne bi da bi, sauran na cikin akwati ƙarƙashin tabur.

Bayan biki da mako guda, da hantsi, ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya manna ɗaya daga ƴan bakan nan tara bisa kwalba, ya kira jikar. Ya ce: «Ke amarya ta gaskiya, zo nan, waccan ta ƙwace mini ɗaki, ke kuma za ki ƙwace sauran.» Ta ce: «Kaka, ni ba na auren tsoho mai ido ɗaya.» Ya ɗora ta bisa kujerar, ya sa mata matashi don ƙirjinta ya kai tabur, ya kafa mata guiwar hannu, ya haɗa mata gindin tafuka. Sa'an nan ya buɗe bututun. Gashin ya ragu, ƙotar ta koɗe, amma da ya jiƙa shi ya yarfa sau ɗaya baki ya haɗe. Ya ce kada launi ya kai ga ƙarfe, ta ce ta sani, ta ji ya fi sau ɗari. Layin farko ya yi kauri, ya gangara har wuya. Ya sa ta goge da ɗanyen tsumma, suka jira kuncin ya bushe. Na biyu ta ɗauke numfashi kamar yadda ta ga yana yi, ta ja daga gefen baki zuwa kunne, ta ja na biyu, ta ja na uku. Ta miƙa masa kwalbar. Ya kai ta kusa da idon dama, ya juya ta wajen ƙofa, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya tambaye ta ko layukan sun rabu da juna ko sun haɗe, don shi ba ya iya rarrabewa. Ta ce sun rabu. Ya ce to ta kife masa ƙwarya, ta ɗauko na biyu.